Ɓarawon Cikin Kwamfutar Baba

Tun da aka rufe Baba da ƙasa, shagon buga takardu ya koma hannun ɗansa, kuma tun lokacin ɗan yake amsa sunan Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi ba. Makarantar koyon kwamfutar da ya shiga, bai kai ko rabi ba ciwon Baba ya dawo da shi gida. Ya yi jinya, ya yi kuka, bai koma ba. Tela na hannun dama ne ya laƙaba masa sunan ranar da ya gyara masa fanka ta koma juyawa baya. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya buga a katin shago.

Abin da Baba ya bari bai da yawa: firinta mai tari, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya, sai tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi. A cikin kwamfutar nan kuwa akwai muryarsa. Baba mutum ne mai manta cikinsa idan aiki ya kama shi, sai ya naɗi maganarsa, ya haɗa wani ɗan shiri da kansa. Kullum rana ta yi tsaka, ƙaramar lasifikar da ke kan tebur sai ta buɗe baki:

“Kai! Cire hannunka daga abin nan. Rana ta raba, tashi ka je ka ci abinci. Aiki ba gudu zai yi ba.”

Haka za ta yi ta maimaitawa har sai an danna dogon maɓallin nan na ƙasa, wanda babban yatsan Baba ya goge har tsakiyarsa tana ƙyalli. Yanzu Inna, mahaifiyar Injiniya, ce ke dannawa. Kullum kafin rana ta take sai ga ta da kular abinci, wai ta kawo wa yaron nan. Ta zauna a kujerar kwastoma, ta ji muryar sau biyu, ta miƙa hannu ta danna, ta tashi. Ba ta taɓa cewa don haka take zuwa ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba.

Sai kwamfutar ta fara jan ƙafa. Ka danna abu yanzu, sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta tuna an yi mata magana. Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ke kula da lamuran gidan yanzu, ya zo ya tsaya yana kallonta tana tunani.

“Wannan ta gama yayi,” in ji shi. “Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. A kawo sabuwa.”

“Baffa, lafiyarta ƙalau. Ɗan gyara ne.”

“Wa zai gyara?”

Injiniya ya dubi katin shago, ya dubi Baffa, kamar mai cewa tambayar ma cin fuska ce.

“To,” in ji Baffa. “Gobe da rana zan biyo. In na tarar tana nan tana zikiri, a kafaɗa zan fita da ita.”

Ba wanda ya san a wane lungu na cikin akwatin muryar take kwana. Injiniya ma bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in akwatin ya fita, Inna ba za ta sake samun dalilin ɗaukar kula ba. Da wani ne, da sai ya tafi neman wanda ya sani. Shi sai ya fita bencin ƙofa, inda Tela da Mai Aski ke shan iska, ya harɗe ƙafa.

“Ɓarawo ne a cikinta,” ya ce.

“Subhanallah,” in ji Mai Aski. “Ta ina ya shiga?”

“Ba irin naku ba. Wani aiki ne yake ɓoye a ciki yana shanye mata ƙarfi. Akwai wata manhaja da manyan injiniyoyi kaɗai ke taɓawa. Ba hoto, ba linzami, a baƙin allo take aiki. Tana nuna maka duk abin da ke motsi a cikin inji, kamar yadda likita ke haska ƙirji. Gobe zan girka ta, in saita ta, in kama shi da hannuna. Ku zo ku gani, kallo kyauta ne.”

“Fankata ma kallo kyauta ne,” in ji Tela. “Har yau bango take wa fifita.”

Da safe suka zo, kowa da kujerarsa. Wata Malama ma ta zo da takardun jarrabawar ɗalibanta, tana so a buga kafin azahar. Injiniya ya tura aikinta ga firinta, ya ce ta zauna, yau za ta ga ilimi. Inna ma ta iso da wuri, don ta ji Baffa zai zo, ta zauna a kusurwa.

Ya buɗe baƙin allo. Ya naɗe hannun riga. Ya rubuta umarnin da zai ba shi ikon mai gida, allon ya nemi kalmar sirri. Ya buga sunan Baba. Ko ɗigo bai fito ba. Ya sake bugawa da ƙarfi. Allon ya zuba masa ido. Bai san haka baƙin allo yake ba, yana karɓar kalmar sirri ne shiru ba tare da ya nuna ko tauraro ɗaya ba. A makaranta sai zango na gaba za a koyar da wannan.

“Kibod ya mutu,” ya sanar. “Ɓarawon ya ji ana zancensa.”

Ya kifa kibod ya bubbuga bayansa kamar jaririn da ya ƙware. Ya shiga bayan tebur ya zare wayoyi ya mayar, ya mayar da waɗanda ya tuna ramukansu. Ya ari almakashin Tela ya fara ɓalle maɓallai yana hure ƙura. Dogon maɓallin ya yi tsalle ya shige wani wuri. Sauran ya mayar, biyu a gidan juna.

“Injiniya, kibod ɗin ya zama mai wushirya,” in ji Mai Aski.

“Iska yake sha.”

Ya danna maɓallin shiga don haushi, sai allon ya ce kalmar ba daidai ba ce. Ashe yana ji tun ɗazu. Injiniya ya gyara murya ya ce dama gwaji yake yi. Ya buga sunan shago, a'a. Ya buga sunan Inna, a'a. Ya buga shekarar haihuwar Baba, a'a. Zufa ta fara bin ƙeyarsa.

“Me kake nema?” in ji Inna daga kusurwa.

“Sirri ne na inji, Inna, ba za ki gane ba.”

“In abin da yake bugawa da safe ne, ai sunanka ne.”

Ya buga Injiniya.

“Ba wannan ba. Wanda yake kiranka da shi. Ɗan Tsako.”

Tela ya faɗo daga kujera. Mai Aski ya kama ƙofa. Malama ta rufe baki da takarda, takardar tana rawa. Injiniya ya buga a haɗe ba tazara, kansa a ƙasa, allon ya buɗe. Bai taɓa sanin da wannan sunan Baba ke buɗe ranarsa ba. Ya goge ido da sauri, ya ce ƙurar kibod ce.

Da yake babu maɓallin ba da tazara, sai ya kwafo umarnin girkawa daga cikin shafukan intanet ɗin da ya daɗe da buɗewa, ya manna. Rubutu ya yi ta gudu kamar tururuwa. Sai ga manhajar ta bayyana. Gaskiya abin ya yi kyau: a sama wasu sanduna kore da ja suna tsawo suna gajarta, ƙarƙashinsu wata ta cika taf har baki, sannan dogon jerin sunaye, kowanne da lambobinsa da sunan mai shi a gefe.

“Allahu Akbar,” in ji Mai Aski. “Kamar na asibiti.”

“Wannan numfashinta ne,” in ji Injiniya, muryarsa ta dawo. “Wannan da ta cika kuwa ƙwaƙwalwarta ce. Cika alamar ilimi ce. Yanzu sai saiti.”

Ya shiga wurin saiti. Ya canza launi zuwa mai duhu don ya fi kwarjini, rabin rubutun ya ɓace, ya mayar. Ya tarar an sa manhajar ta riƙa leƙa cikin injin jefi-jefi. Ya yi tsaki.

“Ka ji sakarci. Mai gadi yana ƙifta ido, ta yaya zai kama ɓarawo?”

Ya rage tazarar har ƙarshenta, yadda za ta leƙa ba hutu. Allon ya fara fari-fari kamar wutar da ke shirin ɗaukewa. Fankar cikin akwatin ta ɗauki kuka. Ya ce a jera masa ayyukan daga mafi ci zuwa mafi kunya. Nan take wani suna ya haye saman jerin ya zauna daram.

“Ga shi! Ga ɗan banzan!”

Suka miƙe suka leƙa. Ya haska sunan, ya danna maɓallin kisa, ya tabbatar. Sanduna da jeri da komai suka ɓace. Allo ya koma baƙi wuluk.

“Ya mutu,” in ji Injiniya. Ya miƙe ya ba Tela hannu.

“To ina mai gadin?” in ji Tela.

Ya sake kiran manhajar. Ga sunan nan a sama. Ya kashe. Duhu. Ya kira. Ga shi. Ya kashe.

“Wannan mai rai tara ne,” ya ce yana haki.

Malama ta gyara tabarau. “Malam Injiniya, ni dai ba fannina ba ne. Amma sunan da kake bugawa ka kira abin, ba shi ne sunan da kake kashewa ba?”

Kowa ya sake duban allon. Manhajar ce da kanta, ya sa ta gudu ba numfashi har ta fi kowa ci, ta kuma kawo ƙarar kanta da gaskiya.

“Kare ya kama jelarsa,” in ji Tela.

“Dabara ce,” in ji Injiniya. “Sai ka fara tsoratar da na gida kafin baƙo ya fito.”

Ya sauka ƙasa a jerin. Ya wuce wasu layuka masu yawa masu manyan lambobi, ya ce waɗannan ya san su, 'yan gida ne. Duk sunan da bai iya karantawa ba kuwa, ya zama abin zargi. Ya kashe ɗaya, agogon kusurwar allo ya ɓace. Ya kashe wani, intanet ya tafi. Ya kashe na uku, firinta ta yi wani tari ta tsaya cak, takarda rabi a ciki rabi a waje kamar harshe.

Malama ta zaro ta. “Tambaya ta huɗu: Bayyana dalilai uku da suka sa... Suka sa me? Yaran su ƙarasa da kansu?”

“Yana ƙara musu basira, Malama.”

“Kai ma Allah ya ƙara maka.”

Can ƙasan jerin ya ga wani ɗan aiki shiru, ba ya cin komai, ba ya motsi, lambobinsa duk sifiri. Ya ƙanƙance ido.

“Kun ga wannan? Mai lumbu-lumbu. Duk wanda ya fi kowa shiru a gida, shi ke sanin inda aka ajiye mabuɗi.”

Bai tsaya karanta sunan mai shi ba. Ya danna. Kwamfutar ba ta ƙara sauri ko na taku ɗaya ba.

Daidai nan inuwar Baffa ta toshe ƙofa. Ya dubi kibod mai giɓi, ya dubi firinta, ya dubi wayoyin da ke lilo, ya naɗe hannun babbar rigarsa kamar mai shirin ɗaukar kaya.

“Saura kaɗan, Baffa.”

“Na gani. Saura kaɗan ka gama da ita.”

Inna ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Dogon hannu ya hau kan gajere. Ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a cinya yadda ta saba. Tela ya daina dariya, don duk layin sun san wannan lokacin. Dogon hannu ya wuce. Lasifika ba ta ce uffan ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta dai ci gaba da kallon lasifikar kamar mai jiran wanda ya ce yanzu zai dawo. Injiniya ya ji kamar an sake ɗaukar makara daga ƙofar gidansu, kuma wannan karon shi ne ya kira masu ɗauka. Sai yanzu ya gane ɗan aikin nan mai shiru da ya kashe shi ne mai muryar Baba. Ba ɓoyewa yake yi ba, jiran rana yake.

“Yana zuwa,” ya ce. “Hanya ce ta cushe.”

Ya fita daga manhajar, ya shiga danna kibiyar sama, wadda ke dawo da tsofaffin umarnin da aka taɓa bugawa. Nasa suka wuce. Sai na Baba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun ƙafa a kan yashi. Ya ga wanda ke ɗauke da sunan ɗan aikin. Ya danna shiga. Shiru. Ya dawo da shi ya sake dannawa. Shiru. Ya yi ta yi, kibiya, shiga, kibiya, shiga, kamar mai bugun ƙofar gidan da ba kowa.

“Lasifikarka ce ta mutu,” in ji Mai Aski. “Ka ga wayarta ma a ƙasa. Bari in kawo tawa.”

Kafin a hana shi ya ruga, ya jawo ƙatuwar lasifikar da yake ajiyewa a ƙofar shagonsa don kiran kwastoma, wadda ake jinta har bakin titi. Ya girke ta a bakin ƙofa, ya cusa waya.

“KAI! KAI! KAI! CIRE HANNUNKA! CIRE HANNUNKA DAGA ABIN NAN! KAI! CIRE...”

Ba Baba ɗaya ba ne. Duk dannawar da ya yi ta tayar da Baba guda, kuma dukkansu sun tarar rana ta riga ta raba. Wani na farawa wani na tsakiya wani na ƙarewa, taron Baba guda suna yi wa ɗa ɗaya faɗa. Mai gyaran babur a tsallaken titi ya saki sifana. Wani mai zaɓen tumatir ya cire hannunsa ya ba da haƙuri. Kwastoman Mai Aski ya fito da rabin kai. Kafin ka ce kwabo ƙofar shago ta cika.

Injiniya ya kai hannu ga dogon maɓalli. Babu. Rami kawai, kamar gurbin haƙori.

“Kashe lasifikar!” in ji Baffa.

“Kada wanda ya taɓa,” in ji Inna.

Suka juya. Kafaɗunta na girgiza, ta rufe fuska da gefen mayafi. Injiniya ya durƙusa zai ba da haƙuri, sai ya ji sautin. Dariya take yi. Dariyar da ba a ji a gidansu ba tun kafin asibiti, har da hawaye, har tana dafa bango.

“Yana da rai yaron nan bai ji maganarsa ba,” ta ce da ƙyar. “Yanzu ya taro jama'a.”

Baffa ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙwace masa.

Injiniya ya koma kujera, ya kira manhajar. Ya shiga saiti ya mayar da tazarar inda ya same ta, allon ya nutsu. Ga su nan a jere, suna iri ɗaya, layi bayan layi. Wannan karon ya karanta kafin ya danna. Ya haska na farko, hannunsa ya ƙi. Ya rufe ido ya danna. Hayaniyar ta ragu kaɗan. Ya yi na biyu. Kowanne sai da ya ce a ransa, yi haƙuri Baba, ɗaya ya ishe mu.

Malama na tsaye a bayansa. “Waɗannan kuma fa, da ka ce 'yan gida ne? Su ne na ga lambobinsu sun fi na kowa girma a layin ƙwaƙwalwa.” Ta sa yatsa tana bi, tana karantawa da muryar kiran suna a aji. “Injiniya. Injiniya. Injiniya. Injiniya.”

Shafukansa ne na intanet. Tun bayan rasuwar yake buɗe su ba ya rufewa, bidiyo kan bidiyo na yadda ake zama injiniya cikin sauƙi, kowanne ya kalli farkonsa ya bar shi don gobe. Su suka cika sandar nan taf.

“Alamar ilimi,” in ji Tela a hankali.

Ya rufe su. Sandar ta sauka kamar kumburin da aka huda. Fankar akwatin ta yi ajiyar zuciya. Ya taɓa linzami, kwamfutar ta amsa kafin ya ɗauke yatsa.

Baffa ya sauke hannun rigarsa. “To, an kama ɓarawo. Kwamfuta ta zauna. Sai dai ban sani ba ko mai tsofaffin ƙarafa yana karɓar injiniya.”

“Ba nauyi,” in ji Mai Aski. “Tsako ne.”

“Ni dai a ba ni dalilaina uku,” in ji Malama.

Murya ɗaya ta rage. Mai Aski ya rage ƙarar, ta dawo daidai yadda Baba ke magana idan yana bayan mutum. Inna ta buɗe tafin hannunta. Dogon maɓallin ne, tun da ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafarta take riƙe da shi. Ta miƙa wa Injiniya. Ya ɗora shi a gurbinsa, ya danna a hankali har ya ji ya kama, tsakiyarsa na ƙyalli.

Ta saurara sau ɗaya. Ta saurara sau biyu. Ta sa yatsa ta danna. A can ƙasan jerin ɗan aikin ya koma sifirinsa, ya kwanta jiran gobe.

“Yanzu abin da ya rage,” in ji Injiniya, yana matso da kujera, “in ɗan ƙara saita...”

Inna ta ajiye kular a kan tebur, tsakaninsa da kibod.

“Ɗan Tsako,” ta ce. “Mutum nawa kake so su faɗa maka?”

Ya cire hannunsa.